Tokar da Ke Sa Tukunya Ƙyalli

"Wayyo Allah, Auta! Auta, buɗe ido ka dube ni..."

A kan yagaggiyar tabarma yaron yake kwance yana jijjiga, idanu sun kakkafe, haƙora sun datse, yayarsa ta rungume kansa a cinyarta tana kuka kamar ranta zai fita. Daga tsakar gida muryar Inna, matar baffansu, ta taso kamar an fasa kwano: "Ke Bebiya! Aljanun nasa ne suka motsa, in sun gaji za su sauka. Fito ki dirje min tukwane kafin rana ta yi!" Allah sarki! Haka Bebiya ta kwantar da ƙanin nata bayan jikinsa ya saki, ta share masa kumfar baki da gefen zaninta, ta fito.

Bebiya ba sunanta ba ne. Inna ce ta laƙaba mata, domin tun ranar da hatsarin mota ya ɗauke musu uwa da uba lokaci guda, Baffa ya kwaso su zuwa gidansa, ko zaginta aka yi sai dai ta sunkuyar da kai. An ba su ɗakin can ƙurya, bango ɗaya da rumfar da Baffa yake sana'arsa. Tsofaffin batiran mota yake saye, ya sa gatari ya fasa, ya tsiyaye ruwan a kwata, ya zare faifan dalmar da ke ciki ya narka su a rabin ganga. Hayaƙin kuwa ba ya da wata hanya sai tagar marayu. Abin da ya rage a gindin gangar, wata toka ce fara-fara mai nauyi, kuma ita ce abin alfaharin Inna a duniya! Wai babu sabulun da ya kai ta fitar da tukunya. Tukwanenta har fuska ake gani a jikinsu, matan layi kuma kullum suna sallama da gwangwani, ita tana ɗibar musu tana yauƙi kamar mai rabon zinariya.

Wuri ɗaya yarinyar take samun sanyi, makaranta. Akwai wata malamar kimiyya da ke tara matasa bayan an tashi, suna tattauna matsalolin unguwanninsu, yau shara, gobe ruwan sha. Ranar da ta zo kan gubar dalma, ta ce ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, tana shiga ta hayaƙi da ƙura da kwanon abinci, kuma ƙananan yara ta fi ci: ciwon ciki, mantuwa, rama, daga nan sai jijjiga... Bebiya ta ji kamar an zuba mata ruwan sanyi. Wannan ai Auta ake siffantawa! Malama ta dubi ɗaliban ta ce, "Ban koya muku wannan don jarrabawa ba. In kun ga ɓarna ku faɗa, ku nemi shaida, ku san ofishin da za ku je, kuma kada ɗayanku ya tafi shi kaɗai."

Da yamma Bebiya ta durƙusa gaban Baffa. "Baffa, don Allah ka yi haƙuri... ba aljanu ne ke damun Auta ba. Hayaƙin nan ne, da tokar da ake wanke tukwane da ita. Guba ce, Baffa."

Baffa ya ajiye gatari ya dube ta sama da ƙasa. "Iye! Ashe Bebiya na da baki? Tun ba a haife ki ba nake wannan aiki, kin ga na mutu? Da wannan gubar nake ciyar da ke, 'yar butulci!" Marin da ya sauke mata sai da ta ga taurari. Washegari ya ce ta gama boko ke nan, tunda rashin kunya ake koya mata a can.

To, amma abin da ya shiga kai ba a cire shi da mari. Daga ranar ta daina taɓa tokar. Ta zaro wata ƙaramar tukunya ta mahaifiyarta daga ƙasan akwati, tana wanke ta da sabulu, tana dafa wa Auta ɗan abin da aka tsakura musu daban. Ta toshe taga da tsumma, tana wanke masa hannu kafin ya ci komai. Ta roƙi Inna har da hawaye ta bar sa tokar a wankin kwanon Shalele, wato ɗan Inna ɗaya tilo, wanda ko ƙuda ba a yarda ya sauka a kansa ba. Inna ta yi shewa ta tafa hannu: "Ga likitar gida! To ni da tokata mutu-ka-raba. Ke dai ƙyuya ce ke damunki." Ta karɓi wankin tukwanen da kanta, tana dirza tana habaici.

Ba a daɗe ba, ranar nan da hantsi Shalele yana wasa a tsakar gida sai ya yanke jiki ya faɗi, ya hau jijjiga irin ta Auta sak! Inna ta kurma ihun da ya tara layi gaba ɗaya. Ta tashi idanu jajir ta shaƙo wuyan Bebiya. "Jama'a ku zama shaida! Ta ware tukunyar ƙaninta don ta san abin da take barbaɗa mana a tamu! Ta kashe min ɗa! Ta kashe ni!" Innalillahi wa inna ilaihi raji'un... Nan da nan magana ta zauna a zukatan mutane, domin kowa ya ga ƙaramar tukunyar nan da idonsa. Baffa ya zare bel ya shiga tafkarta ba ji ba gani, matan da ke zuwa roƙon toka suna tofa albarkacin bakinsu, wannan ta ce dama idonta bai yi mata ba, waccan ta ce shiru-shiru ba tsoro ba ne. Aka watso musu tsummokaransu waje.

Bebiya ta miƙe da ƙyar, bakinta na jini, ta goya Auta. Kowa ya zaci za ta sunkuyar da kai ta wuce kamar yadda ta saba. Ina! Tsayawa ta yi tsakiyar layi, hawaye na zuba, muryarta kuwa ko rawa ba ta yi.

"Ku dake ni, ku kore ni, amma wallahi ba zan yi shiru ba! Ni ban zuba wa Shalele komai ba, Allah ne shaidata. Gubar tana cikin tokar nan da kuke wanke kwanukan 'ya'yanku da ita. Ku kai Shalele asibiti yanzu ku ce a auna jininsa! Baffa, ka raba ni da makaranta, amma ba ka isa ka raba ni da abin da na sani ba!"

Wani ya jefe ta da ɓawon lemo. Ƙofofi suka riƙa rufuwa a gabanta ɗaya bayan ɗaya. Haka ta taka cikin rana tsaka, ba takalmi, Auta ya yi laƙwas a bayanta, tana tafe tana addu'a, "Ya Allah, kai ka ba ni shi amana, kada ka karɓe shi ta wannan hanya..." har ta isa ƙofar makaranta ta zube.

Malama ce ta kai su asibiti, aka kwantar da Auta, aka ɗebi jininsa. 'Yan ƙungiyar Malama da suka ga bayan ƙawarsu duk shatar bel, sai kuka ya koma fushi. Wata da ake kira Doguwa, wadda bakinta ba ya da linzami, ta ce, "Yau ko mu ko su!" Suka ɗunguma ofishin lafiya, Bebiya a gaba. Mai gadi ya ce oga ba ya ganin yara. Suka ce to, su ma ba sa ganin hanyar gida, suka zauna dirshan a bakin ƙofa cikin kayan makaranta, rana na dukansu, har oga ya gaji da leƙe ta taga ya fito. Bebiya ta yi masa bayani tiryan-tiryan, daga gatari har tukunya. Kafin ta rufe baki Malama ta iso da sakamakon jinin Auta. Mutumin ya duba, ya cire tabarau, ya ce a fito da mota.

Sai dai labari ya riga su isa. Baffa, da yake tsohon hannu ne, ya kwashe batira da ganga ya kai wani wuri, ya share rumfa tas, ya yayyafa ruwa, har da shimfiɗa tabarma ya zauna yana jan carbi! "Ranka ya daɗe, wace dalma? Ni na bar wannan sana'a tuntuni. Yarinyar ce ba ta da cikakken hankali, ga mugun hannu." Jami'in ya duba ko'ina bai ga komai ba, ya juyo ya dubi Bebiya. Mutanen layi sun cika ƙofar gida, ana jira a ga ƙarshen maƙaryaciya.

Ita kuwa ba Baffa ta kalla ba, matan ta fuskanta. "Iyayena, na san kun tsane ni yau. Amma kowace a cikinku tana da gwangwanin tokar Inna a madafinta. Ba don ni ba, don 'ya'yanku... wace ce ɗanta ba ya kukan ciki? Wace ce ba ta ga yaronta ya rame ba? Ku fito da ita a auna. In ƙarya nake yi, ku yi min abin da kuka ga dama."

Can sai matar wani tela, wadda ta fi kowa zaƙewa lokacin da aka kore ta, ta saki kuka ta ruga gida. Ta dawo da gwangwani tana cewa, "'Yata kwana take yi tana murƙususu!" Sai ga wata, sai ga wata, har gwangwanaye suka jeru a gaban jami'in. Baffa ya share rumfarsa, amma ya manta matarsa ta raba shaidar gida-gida da hannunta! Zufa ta karyo masa, carbin ya suɓuce ya faɗi.

Gwaji ya tabbatar da komai. An sami gubar a tokar, an same ta a jinin Shalele da na yaran layin da dama. Aka rufe rumfa, aka ƙwace kayan da ya ɓoye, 'yan sanda suka tasa ƙeyar Baffa ta cikin layin nan da aka kori marainiya, mata na binsa da Allah ya isa. 'Yan ƙungiya kuwa suka bazu gida-gida suna koya wa iyaye yadda za su tsabtace madafi, da inda za su kai yara a duba su.

Shalele ya rayu, amma da yake an tsaya jiƙe-jiƙe kafin a kai shi, gubar ta taɓa masa ji. A barandar asibiti Inna ta zube gaban Bebiya ta kama ƙafafunta. "'Yata, ki yafe min! Da hannuna na dirza masa, da hannuna! Kin faɗa min na yi miki shewa... Ki rufa mana asiri, kada ki yi magana a kotu."

Bebiya ta ɗago ta, ita ma tana hawaye. "Inna, dukan da ƙazafin duk na yafe, duniya da lahira. Amma kotu kam zan je, kuma zan faɗi komai. Haƙƙin yaran nan ba nawa ba ne balle in yafe."

Ta juya ta shiga ɗakin da Auta yake. Kwana da kwanaki yana kwance bai san wanda ke kansa ba, likita ya ce an yi abin da za a iya, saura na Allah. Ta zauna ta riƙe ɗan siririn hannunsa, ta kifa kai a bakin gado tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta. Sai ta ji yatsunsa sun matse nata... Ta ɗago a firgice. Idanunsa a buɗe, tar a kanta!

"Yaya..." ya ce da wata 'yar murya, "yunwa nake ji."

Ta fashe da kuka da dariya lokaci guda, ta faɗi ta yi sujada a kan simintin asibiti. Wanda ya riƙe gaskiya ya yi haƙuri, ko duniya ta taru a kansa, Allah ba ya barinsa ya kunyata. Ta tashi da gudu ta fita nemo masa abinci.