Goman Isa da Goman Gobir

Wa ya aike ki ki tambaye ni? Ke Sa'adiyya, da ke nike! Tun la'asar kuke cika mini kunne da wani mitin na dangi, wai an kasa tsaida rana, alhali ga kalanda rataye a bango kamar laya. Ku da kunka yi boko! Yanzu kuma kin zo kina, "Kaka, da can ƙaƙa ake tara dangi?" Da wahala ake tara su, da mi? Zauna nan. Kai Lawwali, sauke ƙafarka daga tabarmata. Sau ɗaya za ni faɗa, wanda ya yi gyangyaɗi ya yi wa kansa.

Zamanin da Gobirawa sunka ƙi bin Sakkwato sunka kafa Sabon Birni, gidanmu rabewa ya yi kamar an saki ƙwarya a kan dutse. 'Ya'yan kakarmu Inno maza biyu ne. Wakili, babban, ya rataya kwarinsa ya bi Gobir. Almu, ƙaramin, ya rungumi allonsa ya zauna garin Isa cikin mutanen Shehu. Inno ta ga zumunci zai tsinke, kafin ta rasu ta haɗa Na'Allah ɗan Wakili da Zulaihatu ɗiyar Malam Almu. Ba wanda anka tilasta. Tun suna ƙanana in an ba Na'Allah ƙosai biyu, ɗaya na Zulai ne.

Wajen zaman makokin Inno ne sheɗan ya sami tabarma. Almu ya ce wa wansa ɗan tawaye, Wakili ya ce wa ƙanensa baran Hillani, kowa ya rantse ba ya ƙara taka garin ɗan'uwansa. Lokacin Zulaihatu na Isa goyon ciki. Ta haihu, ta gama wanka, Malam ya ce ba ta komawa sai Wakili ya zo da ƙafarsa ya roƙe shi. Wakili ya ce wa ɗansa, "Sake ta! Mata sun ƙare a Gobir ne?"

Na'Allah ya ce, "Baba, ka yanka ni ya fi sauƙi."

Yaro ya zauna, ya yi rarrafe, ya miƙe tsaye, ubansa bai taɓa ganinsa ba. Ko suna ba a shirya a kansa ba: Isa ana ce mishi Atiku, Sabon Birni ana ce mishi Bawa.

Mutum ɗaya ke ratsa garuruwan nan ba a tare ta, Adda, yayar tsofaffin biyu, mai tallan daddawa. Wane mai mashi zai tsaya binciken tsohuwa da kwandon wari? Duk zuwa sai ta kawo wa Zulaihatu busasshen kifi daga mijinta, da saƙo iri ɗaya: "Ya ce a gaya miki ya sake wa ɗakinki jinka." Ɗakin da ba kowa a ciki! Zulaihatu ta shiga bayan rumbu ta yi kukanta, ta wanke ido, ta koma kan turmi.

Rannan ta ce wa Adda, "Gwaggo, garuruwa sunka rantse a kai. Tafki ba gari ba ne."

Akwai wani tafki tsakanin ƙasashen biyu, mai babbar tsamiya a baki, inda Inno ke kai 'ya'yanta kamun kifi suna yara. Zulaihatu ta ce a haɗu can da bazara, kafin ruwan farko, don in sama ta zubo kowa gona zai nufa, gulbi kuma ya raba hanya sai baɗi.

Adda ta ce, "'Yar nan, kin san ubanki, na san ƙanena. Amma ba ni zanen nan in ɗaura."

Ku tausaya wa ƙafar Adda! Ta je ta dawo: Wakili ya yarda, amma da makaɗa zai zo. Malam ya ce ba ya zama inda ake kiɗa. Zulaihatu ta ce a bar ganga bayan tudu, a buga wa iska. Ta je ta dawo: Malam ba ya cin yankan Wakili. Wakili ya ji, ya yi tsalle, ya ce shi ma ba ya cin ragon Isa. Zulaihatu ta ce Gobir ta kawo rago, Isa ta kawo wuƙa. Isa ma ta kawo nata, kowa ya ci na ɗan'uwansa bai sani ba. Sai maganar wa zai fara isowa, don mai jira shi ne ƙarami. Zulaihatu ta dafe kai.

"Wayyo ni! Gwaggo, ki tsaya gindin tsamiya da hantsi ki kaɗa farin ƙyalle, kowa shi fito lokaci ɗaya."

"Ni ce tuta kuma yanzu? To."

Saura rana. Zulaihatu ta so a ce Laraba a huta. Malam ya ce a'a, shi ke da ilimin kwanaki, goma ga watan Azumin Tsofaffi ranar sa'a ce. Wakili bai yi musu ba, karo na farko a rayuwarsa. Da ta sani, da nan ta fara jin tsoro.

Ranar goma mutanen Isa sunka yi sammako, jakai da tukwane da tabarmi, mata da goyo, har da kurman kawun Malam da ba a gayyata ba. Sunka laɓe bayan sabara. Hantsi ya yi, Adda ta tsaya gindin tsamiya ta kaɗa ƙyalle. Malam Almu ya fito da rawaninsa, jama'a na biye. Ta ɗaya gefen kuwa? Balbela kawai.

Adda ta yi ta kaɗawa har kafaɗa ta sage.

Rana ta take. Fura ta fara tsami, yara na kuka, kurman kawu na tambaya da ƙarfi, "An zo ne? Wa ya zo?" Anka yanka rago don kada yunwa ta kashe mutane. Anka yi azahar, ba kowa. Malam ya miƙe tsaye.

"Ya shanya ni kamar barkono! Gaban matana da almajiraina! Wallahi, in ranar goma ta faɗi Wakili bai tsaya gindin tsamiyar ga ba, gobe alƙali zai raba auren nan!"

Zulaihatu ta san halin ubanta. Malam bai taɓa rantsuwa ya janye ba. Ta saɓa yaro ta gangara bakin ruwa, hawaye na zuba a kan ɗan kansa. Mi ta manta? Ganga, rago, ƙyalle, ba abin da ba ta ƙulla ba. Tana nan sai ta tuna Sallar da ta yi a gidan miji: ranar da Adda ta kawo musu tuwon Salla daga Isa, su ko suna bakin azumi.

Ta ruga. "Gwaggo! Wata! Wa ya ga watan ga?"

"Ɗan aike ya zo daga Sakkwato ya ce an gani."

"Su can fa?"

Adda ta saki baki. "La ilaha! Hadari ya rufe musu sama daren nan. Kuma Bagobiri ya karɓi watan Sakkwato? Cika talatin sunka yi! Ni ina ruwana da wata, kasuwa nike ƙirgawa!"

Zulaihatu ta durƙusa gaban ubanta ta faɗa mishi: wajen Baba Wakili yau tara ne. Malam ya ce, "Wata ɗaya ne a sama. Wanda ya ƙi gaskiya shi sha zamansa. Na rantse."

Ana cikin haka sai ga jaki ya ɓullo daga arewa da zana da itace, wani dogon saurayi na kora shi yana 'yar waƙa. Na'Allah ne. Mutanensa sun sauka Gangara, nan kusa, za su kwana su fito gobe. Shi ko ya sulale ya zo ya kafa rumfa don kada rana ta bugi matarsa da ɗansa. Ya ga taro, ya tsaya turus, ya zube.

"Baffa, barka da rana. Kun... kun yi sammako haka? Ai gobe ne!"

"Gobe ne gidanku!" in ji Malam.

Na'Allah ya sunkuyar da kai, wai shi ba ya kallon ɗan fari gaban manya, amma idonsa kamar zai tsage ta gefe. Adda ta ja shi bayan tsamiya, Zulaihatu ta biyo. Rabonsu da juna ya fi shekara, ba ta ko ce sannu ba.

"Ka koma ka zo da Baba yau."

"Zulai, in ya zo yau ya bi watan Sakkwato ke nan. Ya gwammace a binne shi."

Ta dubi rana da ta fara karkata. Sai ta koma wajen ubanta, ta yi ƙasa da murya kamar mai biya karatu.

"Baba, na manta abin da ka koya mana. Dare ke gaba, ko yini?"

"Dare mana! Da faɗuwar rana kwanan gobe ya shigo. Wannan ko yaro ya sani."

"Na gode, Baba."

Ta dawo da gudu. "Ka ji? Faɗuwar rana goman Isa ke fita, goman Gobir ke shigowa. Ƙofa ɗaya ce! Ce mishi daren gomansa ya yi, ƙanensa na jiransa tun hantsi, wannan zai yi mishi daɗi. Amma shi iso da sauran jan rana ko kamar farce. In ta nutse, ni da kai sai a lahira."

Na'Allah ya bar jaki nan, ya zura da gudu.

Ba ta taɓa sanin rana na da sauri ba sai rannan. Anka yi la'asar. Malam ya sa a ɗaure kaya. Zulaihatu ta kwance tukwane ta ce ba a wanke ba, ta wanke, ta sake wankewa. Rana ta yi ja, ta sauko, gindinta ya taɓa ruwa. Sai ƙura daga arewa: Gobirawa! Wakili na gaba bisa doki. Amma da ya zo bakin sabara sai ya ja linzami ya tsaya, ya ɗaga kai yana kallon yamma. Jira yake ta nutse sarai, tsohon banza, kada a ce ya zo cikin goman Isa!

Rabi ta shige. Zulaihatu ta ɗora hannu a ka.

Na'Allah ya dubi ubansa, ya dubi matarsa can nesa, ya ce, "Allah shi gafarta mini." Ya zabga wa dokin tafi a cinya. Doki ya zabura, Wakili na "Kai! Kai! Ɗan nema!", hularsa ta tashi, bai tsaya ba sai gindin tsamiya.

"Ta faɗi!" in ji Wakili yana haki. "Daren goma ne, cikin gomana na zo!"

"Ba ta faɗi ba!" in ji Malam. "Ga bakinta can! Cikin gomana ka zo!"

"Makaho!"

"Ɗan tawaye!"

Adda ta shiga tsakaninsu da ƙyallenta. "Ku rufe mini baki, ni na yi muku wanka ku duka! Kai ka zo, kai ma ka zo. Magariba za ta wuce kuna haushi?"

Zulaihatu ta sauke yaro ta tura shi gaba. Ya yi taga-taga, ya kama rigar Wakili, ya ɗaga kai. Tsohon ya dube shi, ya daɗe, muryarsa ta sauka.

"Almu... goshin Inno ne."

"Na sani," in ji Malam. "Kullum shi nike kallo." Ya juya da sauri wai zai yi alwala, alhali fuskar ta riga ta jiƙe.

Malam ya ja salla, Wakili na bayansa. Anka ci ragon Isa da ya huce, washegari anka ci na Gobir da zafinsa, makaɗa na bayan tudu suna buga wa iska. Na'Allah ya kafa rumfarsa duk da haka. Da za a watse Malam ya ɗora ɗiyarsa bisa jakin da hannunsa, ya ce wa surukinsa, "Ɗakin da kake ta yi wa jinka, je ka ga ko yana yoyo." Kwana biyu da komawarta ruwan farko ya sauka.

Tsofaffin nan har sunka mutu ba su shirya a kan wa ya bi watan wa ba, amma kowace bazara suna gindin tsamiya suna musun. Yaron nan, Atiku ko Bawa, shi ne kakana, kuma duk sunan da ka kira shi zai amsa, in dai da tuwo.

To kun ji. Haƙuri ba zaman kuka ba ne. Mai haƙuri wanke tukunya take har sau biyu tana neman ƙofa. Zumunci kuwa in ka ce sai ka ci gardama, kai kaɗai za ka ci ragonka. Ku gaya wa iyayenku su ce Laraba, Laraba ɗaya ce ko'ina.

Mi kuke jira, goro? Lawwali, ɗauke ƙanenka, ya yi mini dalala a zane. Ku tashi ku kwanta, kada in ƙara jin tari!