Jajayen Kifin Isiyaku

Ran da Istifanus ya fara ganin Rut yana saman falwaya ne a Tudun Wadar Zariya, yana ɗaure wayar da iskar jiya ta tsinka. Ka'idar aikinsu ita ce mai gyaran wuta ba ya leƙen gidan mutane. Ya kiyaye wannan ka'ida tun da ya kama aiki, sai ranar nan idonsa ya ci amanarsa.

A barandar wani gida ya hango yarinya tsaye gaban akwatin gilashi cike da ruwa. Tana ɗiba da ludayi, ta ɗaga sama, ta tsiyaye, kamar mai huce wa yaro koko. Cikin ruwan wasu 'yan jajayen kifaye ne ke kai da kawowa.

Da ya sauko sai ya yi sallama, wai ya zo duba ko wutarsu ta dawo.

"Ta dawo, mun gode," in ji ta, tana matsa kafaɗarta. Wani ɗan inji a gefen akwatin ya soma gurnani, ƙwayoyin iska na tasowa cikin ruwan.

"Ni dai na san kifi a tukunya. Waɗannan kuma yaushe za su nuna?"

"Kada ka bari Baba ya ji ka. A gidan nan sai su ci kafin mu ci."

Daga ranar, wutar gidan Baba Kato ta zama wutar da aka fi dubawa a duk Tudun Wada. Istifanus yana kiranta 'Yar Kifi, ita kuma tana ce masa Na Sama.

Ita ta ba shi labarin akwatin. Na yayanta ne, Isiyaku. Shi ma gyaran wuta yake yi, ya sayi akwatin da injinsa a hannun wani Bature da zai koma gida. Wata damina ya hau falwaya ana ruwa, a kafaɗa aka dawo da shi. Tun daga nan Baba Kato, tsohon malamin makaranta mai yawan raha, ya daina raha. Ya koma zama gaban kifin, yana kiransu "yaran Isiyaku".

Saboda haka da iyayen Istifanus suka je neman izini, amsar ba ta yi tsawo ba.

"Yaronku ba shi da aibu," in ji Baba Kato. "Amma na ba falwaya ɗa. Ba zan ƙara mata suruki ba."

Mama Victoria, uwar Rut, ta yi lallashi har ta gaji. Ta riga ta sayi kwanonin aure ta jera a ƙarƙashin gado, kuma Istifanus ya kwanta mata a rai.

"Malam, wanda ke kan kujera ma mutuwa yake yi," ta ce.

"Ba a gaban idona ba, kuma ba da hannu a ƙone ba."

Mai kujerar kuwa akwai shi. Edward ne, akawu a reluwe, mai farin wando da sabon keke. Baba Kato ya ba shi damar zuwa zance. Wata Lahadi Istifanus ya ga keken jingine a ƙofar gidan, ya ji dariyar Rut daga ciki, ya juya bai yi sallama ba. Ya ɗauke ƙafa har aka yi girbi. Bai san Edward take yi wa dariya ba, don ya tambaya ko kifin na shan shayi.

Sai ga 'yar takarda ta same shi a wurin aiki:

"Na Sama, wutarmu lafiya lau take, amma gidan da duhu. Idan fushi kake, zo ka yi shi a gabana. Taka, 'Yar Kifi."

Ya je da gudu, aka shirya. Edward ya gane inda zuciyar yarinyar take, ya janye cikin mutunci. Amma Baba Kato bai motsa ba, kuma lokaci bai tsaya jiransa ba. Da bazara Mama Victoria ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba. Kwanonin suna nan ƙarƙashin gado, ba ta ga ranar fito da su ba. Wannan abu ya ci Rut ƙwarai, don ta san da an bi ta uwarta da tuni an yi.

Damina ta ƙarato, gidan ba mai shirya shi sai Rut. Istifanus ya zo taya ta, tsohon bai ce masa shigo ba, bai kuma ce fita ba. Suka ɗora duwatsu a kan kwanon ɗaki, suka goge fitilu aka cika su da kananzir, aka rufe ashana a gwangwani. Rut ta cika randa guda ta kifi kaɗai, don ruwan famfo sai ya kwana kafin a ba su. Ta koya masa cewa idan hadari ya haɗu ba a ba su abinci, don kada ruwan ya ɓaci alhali injin a tsaye. Shi kuma ya kawo famfon keke, ya ɗaura masa 'yar roba, ya nuna mata yadda za ta tura iska cikin ruwan idan an ɗauke wuta.

"Wa zai yi ta bugawa?" ta tambaya.

"Ni mana. Kyauta, har ƙarshen rayuwata."

"Ka rage murya, Na Sama, Baba na jin ka."

Ya ji kuwa. Bai dai ɗago ba.

A tsakiyar marka reshen darbejiya ya faɗo ya tsinke wayar layinsu. Babbar wayar da ke sama na nan da wutarta, saboda haka shugaban su Istifanus ya ce ba mai hawa sai ruwa ya ɗauke. Ruwa kuwa ya ƙi ɗaukewa. Aka kwana, aka tashi, aka sake kwana.

Istifanus na tashi daga aiki sai gidan. Shi famfo, Rut ludayi, tsoho na sauya ruwa daga randa. Amma kifin sun hayayyafa tun bayan Isiyaku, akwatin ya yi musu kaɗan. Fatar cikin famfon ta gaji ta yage, ruwan randa ya ƙare. Da hantsi kifin suka taso sama suna buɗe baki. Can ɗaya ya kife, cikinsa a sama. Sai wani ya bi shi.

Baba Kato ya tsamo su ya riƙe a tafin hannu.

"Istifanus," ya ce. Karon farko ke nan da ya kira sunansa. "Wayar nan, ba ɗaurawa kawai ba ce?"

"Ɗaurawa ce, Baba."

"To... ai ba za ta ɗauke ka lokaci ba."

Ludayin ya suɓuce daga hannun Rut. Istifanus ya dube ta, ya dubi tsohon. Yana sane da abin da jiƙaƙƙiyar falwaya ke yi wa mutum, amma ya daɗe yana jiran tsohon nan ya roƙe shi wani abu, ko mene ne. Ya ɗauki ɗamarar hawansa ta fata ya fita cikin ruwan.

"Na Sama, don Allah!" Rut ta yi kira. Bai waiga ba.

Ta juyo ga ubanta, hawaye na zuba. Ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, yau ma ba ta ɗaga ba.

"Baba, idan aka dawo da shi a kafaɗa, me zai bar mini in riƙa zama a gabansa?"

Tsohon ya dubi abin da ke hannunsa kamar yanzu ya fara ganinsa. Sai ya zubar, ya fita ba takalmi ba hula. Mutanen layin da ke fake a zaure sun ga Malam Kato na gudu cikin taɓo. Ya iske Istifanus ya soma hawa, ya yi tsalle ya cafke ƙafarsa da hannu biyu.

"Sauko! Sauko, ɗana! Kifi ne. Kifi ne kawai!"

Istifanus ya sauko. Tsohon ya rungume shi a gindin falwayar yana kuka, irin kukan da bai yi ba ran da aka binne Isiyaku.

Washegari ruwa ya ɗauke, aka ɗaura wayar cikin rana. Injin ya tashi yana ta hura iska a akwatin da babu sauran kifi mai rai a ciki. Baba Kato ya kashe shi da hannunsa, sannan ya aika a gaya wa iyayen Istifanus su dawo.

Da kaka aka ɗaura auren a coci. Aka fito da kwanonin Mama Victoria daga ƙarƙashin gado, aka wanke ƙurarsu. Baba Kato ya sa aka ɗora akwatin gilashin a cikin kayan amarya, wankakke, ba ruwa.

Da za a tafi da ita, Rut da Istifanus suka durƙusa a gabansa. Ya daɗe yana kallon kwanonin.

"Na tsare kifi, na bar uwarki ta tafi ba ta ga yau ba," ya ce. "Wannan ba zan iya gyara shi ba, Rut. Ki yafe mini."

"Na yafe, Baba. Ita ma ta yafe tun tana nan."

Ya ɗora hannu a kan Istifanus. "Aikinka aikinka ne, ba zan raba ka da shi ba. Amma idan hadari ya haɗu, a ƙasa nake so in ji kake, ko da duk Zariya za ta kwana a duhu. Ko ni ne na roƙe ka, ka ƙi."

"Na yi alkawari, Baba."

"Allah ya ba ku zaman lafiya. Ya cika gidanku da yara, ya bar muku su har ku tsufa a hannunsu."

Jama'a suka amsa da amin, mata suka rangaɗa guɗa. Baba Kato ya raka su har ƙofar gida, sannan ya dawo baranda ya ɗauke kujerarsa daga inda akwatin yake, ya juya ta tana kallon hanya.