Randar Gwaggo Yalwa

Matatsar Iska tana ta gurnani a tsakiyar birnin Tudun Raɓa, fankokinta dubu suna zuƙo iska mai zafi suna hura ta a jikin farantan sanyi. Ka san yadda kofin ruwan ƙanƙara yake gumi ta waje? To, sirrin ke nan. Iska ba ta rabo da laima, in ta taɓa abu mai sanyi sai ta sauke ta ɗigo-ɗigo. Da wannan ɗigon Injiniya Barira ta shayar da birnin da rijiyoyinsa suka ƙafe tun shekarar 2120.

Sai dai murna ta koma ciki. Wata shida da buɗe famfo, leburori suka fara zubewa a bakin aiki, jijiya na ɗaurewa, mutum ya sha ya ƙara amma jiki ba ƙwari. Majalisar birni ta ba Barira kwana uku: ko ta gano ciwon, ko a rufe na'urar a kwashe jama'a zuwa kudu. Barira ta auna ruwan nan har ta gaji. Tas yake, ko ƙwayar cuta ɗaya babu. Tsoro ya kama ta ba kaɗan ba.

Rana ta biyu ta biya gidan gwaggonta Yalwa, tsohuwar maginiyar tukwane. Abin mamaki, tsohuwa garau, jikokinta bakwai garau, alhali famfo ɗaya suke sha da kowa.

"Gwaggo, wane magani kuke sha a gidan nan?"

"Maganin me? Ruwan naki dai salam yake kamar miya ba gishiri. Ni sai ya kwana a randa nake iya haɗiye shi."

Barira ta ɗebo a moɗa, ta tsoma ma'auninta na sinadaran ruwa. Lambobi suka haura. Nan take ta gane. Ruwan ƙasa yakan ratsa duwatsu ya kwaso gishirin da jiki ke buƙata, nata kuwa daga iska ya sauko, wayam. Mai zufa ya zubar da gishirinsa, ya sha ruwan da ba ya mayar masa da komai. Yumɓun randa ne ke cike gurbin.

Kafin wa'adi ya cika, leburori ashirin da aka shayar da ruwan randa sun miƙe da ƙafafunsu. Majalisa ta soke ƙaura, gari ya ɗauki guɗa. Barira ta koma wurin tsohuwa har da hawayen daɗi.

"Gwaggo, randa dubu arba'in ake so."

Tsohuwa ta yi dariya har da riƙe ciki. "'Yar nan, magina mu biyu muka rage, ɗayar ma ido ya tafi. Yumɓun kuma ina za ki samo shi?"

"Inda kuka saba haƙa mana."

"Ai a kansa kuka dasa dodon naki. Kuka malala siminti, muna kuka kuna tafi."

Washegari da hantsi aka ga Barira da injiniyoyi talatin riƙe da diga, suna fasa daɓen da suka shekara biyu suna zubawa. Gwaggo Yalwa kuwa tana zaune a inuwar na'urar, tana nuna musu wurin da sandarta.