Faifan da ke Kwana a Gida

Da Sufeto ya isa shagon ɗaukar hoto, ya tarar kofur ya riga ya tsare maigadi. An ɗauke kwamfuta da faifan ajiya, kuma a cikinsu ne hotunan ƙarshe na wani dattijo da ya rasu suke. Iyalansa za su zo karɓa da azahar.

Sufeto ya duƙa a waje. Fasassun gilashin taga duk a titi suka zube, ba a cikin shago ba, alamar daga ciki aka fasa tagar.

Ya shiga ya ga babbar kyamara a kan tebur. Aljihun teburin da ake kulle faifan yana buɗe, kwaɗonsa lafiya lau.

"Ɓarawon nan mai kunya ne," in ji shi. "Ya bar kyamara, ya kuma zo da makullinsa. Su wa ke riƙe da makulli?"

"Ni da ƙanin mijina, mai gyaran hotuna," in ji mai shagon.

"Nawa ya ɓace, ranka ya daɗe," ƙanin ya yi saurin cewa. "A matsa wa maigadi kawai."

"Wallahi ban taɓa komai ba," in ji maigadi.

Sufeto ya lura mai shagon ba ta girgiza ba. "Hajiya, aikinki ya salwanta, amma hankalinki a kwance?"

Ta zuge jakarta ta fito da wani faifai. "Ba na barin amanar mutane wuri ɗaya. Duk yamma nakan kwafe aiki a nan, in buɗe hotunan in tabbatar sun shiga, sannan in tafi da shi gida."

Aka jona shi a kwamfutar Sufeto. Sai ga dattijon yana murmushi cikin jikokinsa.

"Alhamdu lillahi!" ƙanin ya faɗi, hawaye na zubo masa. "Ashe ban goge su duka ba!"

Sufeto ya juyo a hankali. "Goge su? Ai sata muke bincike."

Ƙanin ya sunkuyar da kai. Ya ce bisa kuskure ya share hotunan daga kwamfuta da faifan shago, tsoro ya sa ya shirya satar. Kayan suna ƙarƙashin gadonsa.

"Da ka gaya mini, da minti biyar ya ishe mu," in ji ta. "Amma ka zaɓi a ɗaure bawan Allah."

Kofur ya saki maigadi, ya tasa ƙeyar ƙanin zuwa mota. Ita kuwa ta gyara mayafinta, ta kunna injin buga hoto.