Waɗanda Suka Fake Ƙarƙashin Motar Haliru

Ruwan ya ɗauke dab da magariba, ya bar duniya jiƙe sharkaf, ba a jin komai sai kwaɗi. Haliru mai walda ya tsaya a bakin hanya, gaba da Kaoje kaɗan, yana kallon inda kwalbati yake a da. Yanzu babu shi, sai jan ruwa yana wucewa da karare da rassan itace. Ya waiga baya, nan ma fadama ta haɗiye hanyar da suka biyo. Dole ya hau da motar wani ɗan tudu, ya kashe ta.

Wannan mota ita ce ran Haliru. Tsohuwar bas ce ya saya tana gawa, ya yi shekaru yana ƙera ta har ta zama gida: gado, murhun gas, wurin wanke-wanke mai bututu, da sola a kan rufi. Mutanen garinsu Bagudo suka laƙaba masa Kunkuru, wai shi ma yana yawo da ɗakinsa a baya. Bai damu ba, tunda yana da mai taya shi. 'Yarsa tilo, Zuhura, ita ke riƙe masa fitila in yana aiki, ita ta zaɓi shuɗin fentin ma.

Matarsa Mansura ta ce a bari damina ta wuce kafin a haye Benin gaida danginta. Haliru ya ce mai gida bisa taya ruwa bai hana shi tafiya. To, ga shi ya hana.

Mansura ta kunna murhu. Ta ɗora taliya, Zuhura na yanka albasa. A gida, ko da wasa Mansura ba ta zubar da ruwan zafi a ƙasa sai ta sirka shi da na sanyi ta yi bisimilla, balle da almuru, lokacin da mutanen ɓoye ke fitowa. Amma a mota ta san bututun a jarka yake zuba. Don haka ta tsiyaye tafasasshen ruwan taliyar a wurin wanke-wanken hankalinta kwance. Abin da ba ta sani ba, tun da safe Haliru ya cire jarkar ya zuba fetur a ciki, bai gaya wa kowa ba.

Kwaɗin suka yi tsit gaba ɗaya, kamar an rufe musu baki.

Sai dutse ya faɗo a kan rufi. Wani ya biyo, sannan wani. Haliru ya yi waje da tocila yana zagi, don abin da ya fara faɗo masa a rai gilashin sola ne. Ya haska gabas, ya haska yamma, babu ɗan Adam, ruwa ne kawai ya kewaye tudun. Ya sunkuya ya ɗauki dutse ɗaya. Busasshe ne ƙamas a wannan jiƙaƙƙiyar ƙasa, kuma da zafinsa. Nan ya ga tururi na fitowa daga ƙarƙashin motar, ya ji wani siririn kuka a wurin, irin na jaririn da ya gaji da kuka.

Yana komawa ciki ya tarar da Zuhura tsaye, wuƙar albasa a ƙasa. Idanunta a buɗe, amma ba ita ke kallo da su ba. Ta ɗaga hannu ta nuna uwarta, wata murya ta tsohuwa ta fito daga bakinta, mai kauri, mai sanyi.

"Wa ya ƙona min ɗa?"

Mansura ta zube tana salati. Haliru kuwa, da yake laifi tudu ne, sai ya taka nasa ya hango nata.

"Ke kin ka ja muna! Mace da girmanta ba ta san bisimilla ba?"

"Ina jarkar, Baban Zuhura?" in ji Mansura. "Na ga tururi ta taga. Ina ka kai jarkar?"

Kafin ya buɗe baki, Zuhura ta fara buga bayanta da bangon motar, a hankali, a hankali, kamar mai lallashin goyo, har ƙarfen na amsawa.

Can nesa akwai wutar wani ƙauye. Haliru ya kutsa ruwa har ƙugu ya isa. Mutanen ba su yi masa maraba ba. Wani dattijo ya dube shi sama da ƙasa ya ce ko Fulani ba su sauka a tudun nan sai sun yi sallama, shi wane ne da zai kafa gida kansa tsaye? Da ƙyar aka kai shi wurin Malam Bunyaminu, wani siririn tsoho mai ƙarancin magana. Ya saurara, ya yi tsaki, ya ɗauki sandarsa da buta.

Da suka iso, jifan ya tsaya. Malam ya yi sallama a bakin motar, ya sake yin wata yana duban ƙarƙashinta, sannan ya shiga. Ya zauna gaban yarinyar ya fara karatu, bai ɗaga murya ba. Ya daɗe yana yi. Zuhura ta toshe kunnuwa, ta yi gurnani, gumi na tsattsafo mata a wannan sanyi. Daga bisani muryar ta ce:

"Bari ƙona ni, Malam. Ni musulma ce."

"Musulma ta shiga jikin ɗiyar mutane? Mi ta yi miki?"

"Ni mi nawa ɗan ya yi musu? Ruwa ya ci gidanmu cikin fadama, kamar yadda ya ci hanyarsu. Mun ka hau tudu, mun ka ga inuwa, na shimfiɗe yarona ƙarƙashi don kar ya jiƙe. Sai wuta ta zubo mai daga sama. Bayanshi duk ya saɓule."

Mansura ta fashe da kuka. "Ki yahe min, baiwar Allah. Wallahi ban sani ba."

"Ba ke ba," in ji muryar. Kan Zuhura ya juya sannu a hankali har idanun suka tsaya a kan Haliru. "Shi ya san abin da ya ɗauke. Ɗa da ɗa. Zan tai da wagga."

"Ba ki zuwa da ita," Malam ya ce. "Ba da gangan anka yi ba, kin kuwa san hukuncin kuskure. Ba mu yi miki yanka, ba mu ba ki jini. Hwaɗi diyyar da shari'a ta yarda, ko in ci gaba da karatu har ki ƙone ƙurmus."

Malam ya gyara zama zai ci gaba da karatun.

"Yarona bai ɗaukuwa," in ji muryar. "In rana ta taɓa shi, ya mutu. A bar muna ɗakin ga inda ya ke. Kar a tada shi, kar a ɗau ko allura."

"Har yaushe?"

"Har ya warke."

"Da lissahinku ko da namu?"

Bakin Zuhura ya yi murmushin da ba nata ba. "Da namu."

Malam ya juya ga Haliru. "Ka ji. Dukiyarka ce, ɗiyarka ce. Ni ban zaɓa maka."

Kowane uba zai ce ya san amsar da zai bayar, shi ma Haliru ya sani. Amma idonsa ya bi rufin da ya ƙera, da gadon, da shuɗin fentin, ya tuna dariyar Bagudo in ya koma a ƙasa. Kafin ya ankara bakinsa ya riga shi.

"Malam, tunda inuwa su ka so, ko injin kaɗai in cire?"

Mansura ta dube shi, kallon da bai taɓa gani a fuskarta ba. Malam ya sunkuyar da kai. Muryar ta yi dariya har labule ya motsa.

"Kun ji ubanta."

Kunya ta lulluɓe Haliru. Ya zaro makulli ya ajiye a ƙasa. "Na bari. Duka na bari. Ki sakar min ɗiya."

Malam ya sa mai muryar ta rantse da Allah ba za ta dawo ba, ta rantse. Zuhura ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale a cinyar uwarta. A waje kwaɗi suka ci gaba da kukansu.

A ƙauyen suka kwana. Da hantsi wani masunci ya ɗauke su a kwalekwale zuwa ɓangaren Kaoje, ba su da komai sai tufafin jikinsu. Zuhura ta tashi garau, ta sha kunu, ta gaida kowa, Haliru ya yi ta hamdala a ransa cewa ba ta san abin da ya faru ba. Da jirgin ya zo daidai tudun, ga motar can, shuɗiya, solar na ƙyalli a rana. Ya yi niyyar kada ya waiga, amma ya waiga.

"Baba," in ji Zuhura a hankali, da muryarta ta kullum. "Jiya ina ciki. Ina jin ku duka."

Ya miƙa hannu zai dafa ta. Ta matsa jikin uwarta.

"Tai ka ɗauko injinka, Baba. Ni da Inna mun iya zuwa gida."

Masuncin ya kawar da kai, ya ci gaba da tuƙi.