Hannun Anas

Kwana biyar da haihuwar Indo, mijinta Yusha'u ya kasa zama wuri guda. Daga ɗakinta ya faɗa ɗakin mahaifiyarsa, Inna Kulu, daga nan ya nufi bakin ruwa inda jirginsa yake ɗaure, ya dawo ko taru bai taɓa ba.

Jaririn ƙato ne, lafiyayye, sai dai hannunsa na dama bai gama girma ba. Tafin ɗan mitsitsi, yatsun kamar ƙwayar wake. Sista Rebecca da ta karɓi haihuwar a asibiti ta yi musu bayani cewa tun a ciki hannun ya tsaya, kuma ba laifin kowa ba ne. Inna ta ƙi saurare. A wurinta daga dangin Indo na Warra abin ya fito, har ta rantse ba za ta ɗauki yaron ba sai an sallami uwarsa.

"Inna, ban taɓa ƙin maganarki ba," in ji Yusha'u. "Amma ina son Indo, kuma ba ta yi mini komai ba. Haka Allah ya ba mu shi."

"To zaɓi, ko ni ko ita!"

Bai zaɓa ba. Aka raɗa wa yaro suna Anas, aka ci gaba da zaman doya da manja. Indo kan sha kukanta a ɗaki, amma kullum da safe sai ta durƙusa ta gaida Inna, ko an amsa ko ba a amsa ba. Yusha'u ya rame, abinci ma a tsaye yake ci.

Wata uku ana haka. Ran nan a kasuwar Yelwa, Inna na kasa bandar kifinta, ta ji maƙwabciyar rumfarta na cewa jikan Kulu ko tuwo ba zai iya kaiwa baki ba. Mata suka kwashe da dariya. Inna ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta miƙe ta wanke matar tas, ta ce yaron jininta ne, duk mai sake taɓa shi ita ya taɓa. Ta bar kifin nan, ta tare ɗan kabu-kabu sai gida.

"Indo, miƙo mini shi."

Inna ta daɗe riƙe da ɗan hannun, hawaye na zuba. "Ki yafe mini, ɗiyata. Ashe bakina ne ya fara zagin shi kafin na kowa."

Da Yusha'u ya shigo da la'asar, ya tarar da Anas na barci a bayan Inna, Indo na gyara mata goyon.

Halitta ta Allah ce. Haƙurin Indo da Yusha'u ne ya riƙe gidan har Inna ta gane hakan da kanta.