Sunan da Tahiru Ya Kasa Kira

Shekarar da damina ta ƙi, gero ya bushe tsaye daga Zermu har Gidimuni, Tahiru ya dawo Damagaram daga cirani. Da shigarsa gidansu a Birni ya tarar da wata baƙuwar mace zaune bisa tabarma, 'yarsa a cinyarta, tana lallashinta da cokali.

"Kai ne baban Rabi?"

Ya sunkuyar da kai. Rabi sunan matarsa ne. Ya bar ta da tsohon ciki ya tafi Agadas neman abin kaiwa baki, ta rasu wajen haihuwa, sai labari ya iske shi. Aka mayar wa jaririyar da sunan uwarta. Ga kunyar 'yar fari, ga wannan nauyi. Yarinya har ta fara tafiya, bai taɓa kiran sunanta ba.

"Ni Kaltuma ce, 'yar Malam Usman. Muna taron iyaye ran Laraba a gindin darbejiyar gidan likita. Innarka Hajara ƙafa ta hana ta. Kai za ka kawo ta."

"Cikin mata?"

"Ni ma jawo ni aka yi. Mijina ya rasu, ɗana ya rame kamar wannan, maƙwabciyata ta yi ta sintiri har na je. Yanzu ni ke jawo wasu."

Ta nuna masa zaren awon dantse. Na Rabi ya tsaya kan ja, alamar rama ta yi tsanani. Tahiru ya gani, amma idonsa ya fi daɗewa kan hannun da ke riƙe da zaren.

Ran Laraba ya ajiye moto, babur ɗin da yake kabu-kabu da shi, ya je. Abokansa na tasha suka yi ta ihu: "Tahiru, ka taho mana da sauran kunu!" Bai kula ba. Yana isa sai ya miƙa wa Kaltuma yarinyar, ya koma gefe yana kallon yadda take dama kunun gero da ƙuli-ƙuli da garin zogale, tana dariya da matan.

Ba a daɗe ba wayar salula ta fara aiki tsakaninsa da Kaltuma.

"Sheri, abar ƙaunata, yau da kika ɗaga ludayi sai na ji da ni ne mai ramar."

"Kai dai ba ka da kunya. Ta ci na rana?"

"Inna ta ce ta ci. Ke fa, hasken Birni?"

Duk sa'ad da ya rubuta "Inna ta ce", sai wani abu ya soke shi a ƙirji. Ya san ba don yarinyar yake zuwa ba.

Malam Usman ya ji labari, ya kira 'yarsa zaure.

"Wanda ya bar mace da ciki ya tafi, ke ma zai bar ki. Ga Sallau mai shagon hatsi yana ta aiko mutane. A wannan shekara, gidansa ana ɗora tukunya."

"Baba, Tahiru ba ya fashin taro."

"Zuwa taro daban, riƙon ɗa daban."

Maganar ta zauna mata. Larabar da ta biyo baya, malamar likita ta ce a ajiye yara tsakiyar tabarma, kowa ya kira nasa da suna. Uwaye masu 'yan fari suka yi ta rufe fuska suna dariya, amma ɗaya bayan ɗaya suka kira, yara suna rarrafawa. Aka bar Rabi ita kaɗai tana waige-waige.

Tahiru ya buɗe baki. "Ke... yarinya."

Ba ta ko dube shi ba. Ta tashi da ƙyar ta faɗa jikin Kaltuma.

Da yamma saƙo ya shigo.

"Na ɗauka uba nake jawowa, ashe saurayi na jawo. Ba zan ƙara shiga gidanku ba. In na ci gaba da ba ta, kai ba za ka taɓa koya ba."

"Kaltumata, ki yi haƙuri, ki saurare ni."

Kaltuma ba ta ƙara leƙo gidan ba.

Rabi ta saba da hannu ɗaya, na Kaltuma. Inna Hajara ta ba ta, ta kau da kai. Aka canza kunu, ta tofar. Kwana biyu idanunta suka faɗa, kukan ma ya koma ƙasa-ƙasa.

"Je ka roƙi Kaltuma," in ji Inna.

Ya fita har bakin ƙofa, ya tsaya. Ya tuna haka ya fita wancan karon ya bar matarsa. Ya dawo, ya hura wuta da kansa, ya dama kunu mai gudaji, ya ɗora ta a cinya kamar yadda ya sha gani.

"Ha, ɗan kaɗan."

Ta rufe baki gam.

Ya dubi goshinta, sak na uwarta. 

"Rabi. Rabi, ki yafe mini. Ga ni, ban tafi ba."

Yarinyar ta ɗago tana kallon wannan sabuwar murya da ta san sunanta. Ya sake kira. Ta kama yatsansa, ta buɗe baki. Rabin cokali ta sha, sauran ya zube a rigarsa. Inna ta juya baya tana share ido da gefen mayafi.

Bai rubuta wa Kaltuma ba. Safe, rana, yamma, shi ke bayarwa. Ran Laraba ya je da ita a kafaɗa bai miƙa wa kowa ba. Kaltuma ta auna dantsen. Da zaren ya bar ja, Tahiru ya zo da Mutari, wanda ya fi kowa yi masa ba'a a tasha, ɗansa a gaban moto.

"Shi ma na fari ne," ya ce. "Sai da na yi ta sintiri."

Wata rana da hantsi Malam Usman ya gamu da Tahiru a lungun masu ƙira, yarinya a kafaɗa, rigarsa duk tabon kunu.

"Wannan wace ce?"

"Rabi ce, Baba. 'Yata."

Tsohon ya dube shi. "Ba ka jin kunya?"

"Ina ji, Baba. Amma ta ci."

Da la'asar saƙo ya shigo.

"Baban Rabi, Baba ya ce ka turo manya. Ka canza riga."

"Sheri, wannan rigar ce ta samo mini ke."

An ɗaura aure ranar Juma'a, ba taron a-zo-a-gani, shekarar ba ta bari ba. Matan gindin darbejiya suka raka amarya da guɗa, ɗanta riƙe da gefen zanenta. Malam Usman ya ɗaga hannu: "Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya raya abin da ke gabanku, Ya kawo mana damina mai albarka."

Ana shafa fatiha, Tahiru ya hangi 'yarsa cikin ƙafafun mutane. Gaban surukinsa da manyan unguwa ya ɗaga murya.

"Rabi!"

Ta taho da gudu.